Akwatin da Injiniya Ya Haɗa

Ranar da wayar Sista ta faɗa bokitin wanki, ba wayar ta yi wa kuka ba. Hotunan yaranta ne a ciki tun suna jarirai, da saƙonnin muryar mahaifiyarta, waɗanda ta riƙa turo mata kafin ciwon ajali ya ci ƙarfinta. Mai gyara ya buɗe, ya hura, ya shanya, daga ƙarshe ya girgiza kai. Komai ya tafi.

Sista ungozoma ce a wani ƙaramin asibitin mata. Mijinta kuwa shi ke kula da kwamfutocin wani kamfanin ɗab'i, shi ya sa unguwa ke kiransa Injiniya. Da ya ga ta ƙi cin abinci sai ya zauna kusa da ita.

"Wannan ba zai sake faruwa a gidan nan ba," in ji shi. "Akwai akwatin ajiya da ake sawa a gida. Da kin shigo da wayarki, duk abin da kika ɗauka zai tafi cikinsa da kansa. Ko wayar ta faɗa rijiya, kayanki suna nan."

Ranar Asabar suka je shagon kayan kwamfuta tare. Mai shagon ya sauko musu da wani ɗan akwati baƙi, bai fi kwalin takalmi ba.

"Wannan a shirye yake," in ji mai shagon. "Ka kai gida ka jona, shi ke nan. Kamar gidan haya ne, kowa da ɗakinsa, kowa da makullinsa. Madam za ta sa lambar sirrinta da hannunta. In ta kulle nata, ko kai da ka saya sai dai ka yi sallama."

Sista ta yi dariya, ta shafa akwatin. "Abban yara, mu ɗauki wannan mana. Ba wahala, ba ɓata lokaci."

Injiniya ya juya akwatin, ya duba bayansa, ya ajiye. "Kayan kamfani ne. Yau su ce a sabunta, gobe su ce sun daina kula da shi. In ya lalace sai an jira kayan gyara daga wajensu. Akwai tsohuwar kwamfuta a ofis da ba a amfani da ita. In na haɗa da hannuna, na san kowace ƙusa da ke ciki, ba wani baƙo tsakaninmu da kayanmu."

"Haɗawa ma yana da kyau," in ji mai shagon, "in mutum yana da hannu. Sai dai duk makullan suna wajen wanda ya haɗa."

"To ai gidana ne," in ji Injiniya yana murmushi.

Ba ta ga abin musu a ciki ba. Fanninsa ne, kamar yadda ba ya koya mata yanke cibiya. Suka sayi faya-fayan ajiya kawai suka dawo.

Wunin da ya haɗa akwatin yana cikin kwanakin da ta fi jin daɗinsu a gidan. Ya baje kaya a kan kafet ɗin falo, ita tana riƙe masa ƙusoshi a cikin faranti, yara suna kai da kawo suna tambayar ko abin zai yi magana. Gefen ƙarfe ya yanke shi a yatsa, ta wanke ta ɗaure masa tana tsokanarsa cewa namiji guda yana runtse ido saboda ɗigon jini. Da yamma fankar ciki ta fara juyawa, wata 'yar fitila shuɗiya ta kama. Ya tura akwatin ƙarƙashin teburin talabijin, ya karɓi sabuwar wayarta ya yi 'yan danne-danne.

"Hotuna kawai zai riƙa ɗauka ko?" ta tambaya.

"Hotuna kawai," in ji shi.

Abin ya fara ne da wasa. Wata safiya yana shan shayi sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ashe ni ne mai minshari kamar injin niƙa?"

Ta tsaya da buta a hannu. Wannan maganar ƙanwarta Auta kaɗai ta yi wa, a saƙon murya, suna raha irin ta 'yan'uwa. Mijin Auta kuma abokin hirar Injiniya ne. Ta kira Auta daga wurin aiki.

"Ke yanzu komai sai kin kai wa mijinki? Ga shi ya kai wa nawa."

"Wallahi Yaya ban faɗa ba," in ji Auta. "Me zai kai ni?"

Sista ta bar maganar, amma a ranta ta ce yarinyar nan bakinta ya fara yoyo.

Bayan nan sai wata maganar ta sake fita. Ta yi wa wata abokiyar aikinta ƙorafi a saƙon waya cewa surukarta ta zo ta buɗe mata tukwane tana duba ko an wanke gindinsu. Ta dawo gida ta tarar da Injiniya ya ɗaure fuska, ya ƙi abincinta. Sai da ta matsa ya ce, "Uwata ce dai ba kya so, ki fito fili ki faɗa."

"Wa ya gaya maka?"

"Ke da bakinki. Cikin barci kike surutu, ba ki sani ba?"

Ba ta taɓa sanin tana magana cikin barci ba. Ta fara tsoron kwanciya. Ta daina zama da abokiyar aikin nan lokacin hutu, har matar ta gaji da tambayar laifin da ta yi ta ja jikinta. Sista ta koma cin abinci ita kaɗai a ɗakin magani, tana duban kowa da ido ɗaya.

Aikin ungozoma rabinsa riƙon amana ne. Mata suna turo mata abin da ba za su iya faɗa ido da ido ba. Wata ta turo hoton wurin da ke mata ciwo, wata ta yi saƙon murya daga banɗaki da raɗa. Shekaru tana karɓa, ba a taɓa jin komai daga bakinta ba.

Matar maƙwabcinsu, mai shagon kayan gini, ta sha ɓari har ta daina murna da ciki. Da ta sake samu sai ta turo wa Sista saƙo ta roƙe ta kada kowa ya ji, har mijinta, sai cikin ya zauna, don ba ta son ta sake ganin fuskarsa in abin ya zube. Ba a jima ba Injiniya ya haɗu da maƙwabcin a bakin get ya miƙa masa hannu yana yi masa barka. Da la'asar matar ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta ƙi shigowa.

"Na gode, Sista," ta ce. "Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ni ce ban san rariya na saya ba."

Sista ta juya wurin mijinta. Ya ɗaga kafaɗa. "Tafiyarta na gani na gane. Sai ke kaɗai kika san mai ciki?"

Maganar ta kai asibiti. Shugabar ma'aikatan jinya ta kira ta ofis, ta rufe ƙofa. "Ban taɓa jin irin wannan a kanki ba," ta ce, "shi ya sa zan tsaya a gargaɗi. Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba."

Sista ta rantse, shugabar ta gyaɗa kai irin na wanda ya saba jin rantsuwa.

Sai kuma ta Auta ta zo, wadda ta fi duka. Haihuwar Auta biyu, duka sai da aka yi mata aiki, na biyun da ƙyar aka tsayar da jini. Likita ya ce in ta sake ɗaukar ciki nan kusa, ba ya ba da tabbacin ranta. Mijinta ya ce likitoci ba Allah ba ne, shi 'ya'ya yake so. Auta ta turo wa yayarta dogon saƙo tana kuka, ta ce ta je wani asibiti an sa mata abin tazarar haihuwa a damtse, irin wanda ake turawa ƙarƙashin fata. Ta ce tana tsoron mutuwa ta bar yaranta ƙanana, tana kuma tsoron ranar da zai gane. Sista ta lallashe ta, ta ce za su nemi wani babba ya shawo kansa a hankali.

Ba su kai ga neman babban ba. Mijin Auta ya dawo gida wata rana ya kama hannunta na hagu, ya danna daidai wurin, ya ce ta tattara ta tafi gidansu, yaran kuma ta bar masa.

Auta ta zo asibiti da ƙaramar jaka a hannu, ta sami yayarta a baranda tsakanin mata masu jiran awo. Ba ta ɗaga murya ba.

"Duniyar nan ke kaɗai na faɗa wa, Yaya. Har hannun da aka sa ya sani."

"Auta, ki saurare ni..."

"Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa. Shi na san halinsa. Ke ce ban sani ba."

Ta juya ta tafi, matan baranda suna kallo. Washegari aka ɗauke Sista daga ɗakin haihuwa aka mayar da ita sashen wanke kayan aiki, inda ba mai gaya mata komai. Ta rame. Ta fara yarda cewa wataƙila kanta ne ya taɓu, tana faɗin abu ba ta sani ba. Har ta roƙi Injiniya ya tashe ta duk lokacin da ya ji ta fara surutu cikin barci. Ya ce to, ya kuma shawarce ta ta riƙa addu'a kafin ta kwanta.

Wata rana jiri ya ɗebe ta a wurin aiki, aka ce ta tafi gida ta huta. Rana tana tsaka, yara suna makaranta. Ta ga motarsa a waje, ta ɗauka abinci ya dawo ci. Tana sa ƙafa a baranda ta ji muryar Auta daga falo, tana kuka. Zuciyarta ta yi tsalle. A ranta ta ce Auta ta zo ke nan, ta huce. Ta tura ƙofa da sauri.

Ba Auta a falon. Injiniya ne zaune a kan kujera, ya ɗora ƙafa a tebur, kwamfutarsa a cinya, kofin shayi a gefe. Muryar daga kwamfutar take fita. Sabon saƙo ne ma, wanda Auta ta turo da safen nan, Sista ba ta samu ta buɗe ba tukuna. Ya riga ta ji.

Ya yi wuf zai rufe, ta riga ta iso. Ta ga fuskar kwamfutar. Duk hirarrakin wayarta ne a jere, kowa da nasa. A gefe ɗaya kuma hoton da wata mara lafiya ta turo mata, na wurin da ko mijin matar ba ta nuna wa da rana.

Ta zauna a ƙasa.

"Ka ce hotuna kawai."

"To me kike ɓoyewa?" in ji shi. Ya riga ya dawo da fuskarsa daidai. "Gidana ne, akwatina ne, ke kuma matata ce. In babu rami me ya kawo maganar rami?"

"Ba sirrina ba ne. Na mutane ne, amana suka ba ni."

"Ni ai ba mutane ba ne."

"Kai ka gaya wa mijin Auta."

"Namiji ɗan'uwana ana cutarsa a gidansa, in gani in yi shiru? Ke da ƙanwarki kuka ƙulla abin, ni gaskiya kawai na faɗa."

"Likita ya ce za ta iya mutuwa. Ka ji wannan ma, ai yana cikin saƙon."

Ya kawar da kai.

"Ka bar ni ina zargin kaina," ta ce a hankali. "Na roƙe ka ka tashe ni in na yi surutu, ka ce in yi addu'a." Ta dubi akwatin ƙarƙashin talabijin, fankarsa tana juyawa. "Ranar da muka je shago, ba kayan gyara ne suka hana ka sayen wancan ba. Makullin ne."

"Ki faɗi abin da kike so," in ji shi, ya ɗauki shayinsa.

Ta kira kawunta, ƙanen mahaifiyarta, don mahaifinta ya tsufa ba a kai masa irin wannan. Aka zauna a falon nan ranar hutu. Kawu ya zo, yayan Injiniya ya zo, surukarta ma ta zo ta zauna a babbar kujera. Sista ta faɗi komai tun daga farko, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Yayan Injiniya ne ya fara. "Ni na ɗauka wani babban abu ne. Ya doke ki? Ya hana ki ci ko sha? Kishi ne, kishi kuwa so ne. Wata tana can tana kukan mijinta bai damu da inda take ba."

"Yaya, an kori ƙanwata, an raba ta da 'ya'yanta."

"Wannan tsakaninta da mijinta ne. Da ba ta yi ba, da ba a faɗa ba."

Surukar ta gyara zama. "Mu a zamaninmu mace ba ta da wani sirri gaban mijinta. Kuma ni na ji abin da kika ce a kaina, ban ce komai ba. In ana maganar wanda aka ɓata wa, ni ce ta farko."

Sai a lokacin Sista ta gane cewa har uwarsa ya kunna wa.

Kawu ya yi gyaran murya. Ta dube shi da sauran fatan da ya rage mata.

"Injiniya, ka yi kuskure," in ji Kawu. "Ka kashe wannan na'ura, kada a sake. Ke kuma 'yata, ki yi haƙuri. Harshe da haƙori ma suna saɓawa."

"Na ji, Kawu. Abu ɗaya nake roƙo. Ya je gaban Auta, da matar maƙwabci, da shugabarmu a asibiti, ya ce shi ne, ba ni ba."

Yayan Injiniya ya ɗaga hannu.

"A'a," in ji yayan. "Wannan tonon silili ne. Mutum yana aikin kwamfutocin kamfani, a ji yana leƙen wayar mutane, wa zai sake ba shi amana? Abincin 'ya'yanki kike so ki zubar?"

"Ni nawa aikin fa?"

"Ke mace ce, magana ce za a yi kwana biyu a manta," in ji surukar. "Mace ta gari rufin asirin mijinta take yi."

Kawu ya sunkuyar da kai. "Maganar nan ta tsaya a ɗakin nan, 'yata. Shi ne mutuncin kowa."

Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya bi matan unguwa har banɗakinsu da kunne, shi ne yau ake tara manya don a rufa masa asiri, ita kuma aka naɗa mai gadin asirin. Ba wanda ya tambayi matan nan nawa ne, ko su waye, ko sun yafe. Injiniya ya miƙe a gaban kowa ya zare wayar wutar akwatin, yayansa ya ce madalla, aka yi addu'a aka shafa.

Ba ta yi musu ba. Washegari ta sa kayan aikinta, ta shiga ofishin shugabar ta faɗi abin da ya faru. Shugabar ta ce dole a sanar da duk matar da ta taɓa turo mata wani abu. Sista ta ce ita za ta yi da bakinta. Ta bi su gida gida. Wata ta zage ta, wata ta rufe fuska da mayafi ta shige ɗaki, matar maƙwabci ta ce, "Allah ya isa," ba ta faɗi tsakaninta da wa ba. Injiniya ya aiko cewa tunda ta zaɓi ta tozarta shi, ta zauna inda take so. Kawu ya daina amsa gaisuwarta.

Gidan mahaifinsu ne na ƙarshe da ta je. Ta tarar da Auta a tsakar gida tana shanya, ta rame har wuyanta ya fito. Sista ta tsaya daga bakin ƙofa ta faɗa mata duka. Auta ta saurara da jiƙaƙƙen zane a hannu, ruwa yana ɗiga a ƙafarta.

"Har kukan da na yi ya ji?"

"Ya ji."

"Da abin da na ce a kan tsoron mutuwa?"

"Duka."

"Ya ji, ya je ya faɗa." Auta ta shanya zanen, ta daidaita gefensa a kan igiya. "Na yarda ba bakinki ba ne, Yaya. Na ɗauki alhakinki, ki yafe mini. Amma yarana suna can, yardar da na yi ba za ta dawo mini da su ba."

"Zan tsaya miki har a dawo da su. Ko'ina ne za mu je."

Auta ta dube ta. Idanunta sun cika, ga alama akwai maganganu da yawa da ta tara ba ta da wanda za ta gaya wa. Ta ɗaga labulen ɗaki, Sista ta taho za ta shiga. Sai Auta ta tare ƙofar da hannu, ta nuna jakar da ke kafaɗarta.

"Ki bar wayarki a waje, Yaya."

Sista ta buɗe baki za ta ce an kashe akwatin, wayar ma ta sa an goge ta. Sai ta fasa. Ta ciro wayar ta ajiye a kan dakali, cikin rana, ta cire takalmanta ta bi ƙanwarta ciki.